Na Ba Ta Wuta

Dengfeng, Guangzhou
Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Hadi,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka da rai da lafiya. Ni dai ƙalau nake, in ban da gwiwar nan da hawa bene yake ƙara wa ciwo kullum. Shekaranjiya mun yi waya da Umma. Sugan ya ɗan sauka, amma idonta na hagu ya kusa rufewa gaba ɗaya, na daman ma ta ce hazo-hazo take gani da shi.

Rabona da in riƙe biro in rubuta wa mutum wasiƙa tun ina sakandare, yau ga shi kai ka mayar da ni. Na kira wayarka har na gaji. Da ƙyar na samu lambar Suleiman, wanda kuke ɗaki ɗaya, ya yi ta kame-kame kafin ya faɗa min cewa 'yan sanda sun riƙe ka, wai ka yi hatsari da motar wurin aikinku. Ya ce inda aka ajiye ka ba a barin waya, sai dai takarda, ita ma sai ta bi ta ofishin mai gabatar da ƙara tukuna. Shi ya turo min adireshin, na kai wa mai shagon wayar da ke ƙasan gidanmu ya buga min, don haruffan nan nasu masu wutsiya ba zan iya kwafe su da hannu ba.

Hadi, me ya faru? Ka ji ciwo? Wa ka buge? Ban yi niyyar yi maka faɗa a wasiƙar farko ba, amma ai na gaya maka. Na ce ka taho nan ka kama min aiki, ina fama ni kaɗai tsakanin kasuwannin Liwan da wurin masu loda kwantena, 'yan Kantin Kwari suna ta aiko min da sautu har ban san na wanda zan fara saya ba. Ka ce kai ba za ka zauna ƙarƙashin mace kana ɗaukar kwali ba, kai Turai za ka. To ga shi can ɗin ma kwalin kake rabawa gida-gida, a cikin sanyi.

Umma ba ta sani ba. Na ce mata an tura ka aiki wani ƙauye da babu sabis. Ta ce, "Ashe Turai ma akwai inda babu sabis?" Na ce akwai. Maganarta ɗaya ce kullum, alkawarin da ka yi mata cewa da Babbar Sallah za ka zo. Ta ce tana so ta ga fuskar autanta kafin ɗaya idon ya bi ɗan'uwansa. Don Allah ka rubuto min komai, kada ka rage min ko kaɗan.

Yayarka,
Saudat

Poland
Disamba

Yaya Saudat,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi ta karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane ban yi ba, kuma wannan ɗin ma damuna yake. Allah ya ƙara wa Umma sauƙi. Faɗan da kika yi min na karɓa, ba ni da bakin ramawa.

Ga abin da ya faru. Ranar na makara da rabon kaya, wayar kamfani tana ta ƙara tana nuna min gidajen da suka rage. A nan yanzu kafin la'asar ta yi sanyi duhu ya rufe, ga kuma yayyafi. Na biyo wani titi a cikin gari, daidai gaban wani kemis akwai farin zanen nan da masu tafiya a ƙasa suke tsallakawa ta kai. Na hango ta a bakin titin, tsohuwa ce, da baƙar rigar sanyi da jakar cefane. Na ba ta wuta kamar yadda Baba ya koya mana. Sai kawai na ga ta ɗaga min hannu kamar ta san ni, ta sako ƙafa. Na taka birki, titi a jiƙe, motar ta ci gaba da sulɓewa da ni. Yaya, har yanzu ban gane abin da ya sa ta shigo ba.

Tana asibiti, da ranta. Sunanta Halina. Ni duk sanda aka faɗa Halima nake ji, sai in ga kamar wata gwaggonmu na buge.

'Yan sandan nan ba su daka min tsawa ba, ba su taɓa jikina ba. Sun sa na hura wani abu don su ga ko na sha giya, suka auna titi, suka ɗauki hotuna, suka sa ni a mota. Na yi ta ba su haƙuri da Turanci, babu wanda ya ko ɗago kai. Da a gida ne da tuni Kawu ya ɗebi dattawa sun je asibiti da lemo da ayaba, an zauna da 'yan'uwanta an yi magana. Na roƙi lauyan da aka ba ni ya kai ni in durƙusa wa 'yarta, ya ce kul, in na kuskura na nemi danginta laifi ne na biyu. Ya kuma ce kada in yi wa kowa bayanin yadda abin ya faru, ban kuwa yi ba. Amma ke Yayata ce, kuma wa zai iya karanta Hausa a garin nan?

Ya ce in matar ta warke, mai yiwuwa a yi min ɗaurin je-ka-gyara-halinka a kore ni gida. Kalmar kora ba ta taɓa yi min daɗin ji ba sai yanzu. Ki ci gaba da riƙe Umma da maganar sabis ɗin, kuma ki sa a yi wa Halina addu'a.

Ƙanenki,
Hadi

Dengfeng
Janairu

Auta,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso bayan na fara fidda rai. Ina lafiya, gwiwa ta lafa tunda na samo wani man zafi a hannun wata tsohuwa a titin Liuhua Lu. Sanyin nan bai kai naku ba, amma mai damshi ne, yana shiga ƙashi. Umma ta sa an sayo ɗan rago tun yanzu, wai a kiwata shi kafin ka zo. Na dai ce Allah ya sa albarka.

Na karanta bayaninka, ni kam ban ga laifinka ba. Ka yi mata gargaɗi da fitila ta ƙi ji, to me kuma ake so ka yi? Duk shekarun da Baba ya yi yana jan bas tsakanin Kano da Katsina, wa ya taɓa ganin ya haska mutum mutumin ya shigo masa? Ko akuyar bakin hanya ta san ma'anar wannan. Ka daina ci wa kanka rai.

Nan ma fa titi ba sauƙi. Baburan nan masu aiki da caji ba sa ƙara, sai dai ka ji abu ya wuce ta gefen kunnenka. Makon jiya wani mai kai abinci ya yi ciki da kwalayena a gaban lawban, wato mai shagon da nake sayen takalma wurinsa. Na wanke shi tas da Hausa, ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya faɗa ya wuce, lawban yana ta dariya. Ga kyamara a kowane lungu, amma ban ga ta hana su ba.

Mutum ɗaya na gaya wa zancenka, Malam Tankari, dattijon nan ɗan Maraɗi mai gidan abinci a layinmu, inda Hausawan unguwar suke haɗuwa. Bayan Juma'a ya tara mutane aka yi wa Halina addu'a. Wani ya tambaya ko musulma ce, Malam ya ce masa mara lafiya ce, ya ɗaga hannu kawai. Kana samun abin ci na halal? Suna barin ka ka yi sallah?

Saudat

Poland
Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Umma. Ina samun sallah, abinci kuma dankali da burodi nake ci in bar naman. Jikina lafiya.

Halina ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun kafin ki rubuto takardarki ta rasu, ashe lokacin da kuke yi mata addu'ar samun sauƙi an riga an binne ta. Ni ma ba a gaya min da wuri ba. Na kashe mutum, Yaya. Na rubuta wannan na zauna ina kallonsa, na kasa ci gaba sai washegari.

Akwai kuma wani abin. Kin tuna na ce wa zai iya karanta Hausa a nan? Sun samo. Ban san ko waye ba, ban gan shi ba, an dai ce tafinta ne daga babban birninsu. Lauya ya zo fuskarsa ta yi ja, ya buga takarda a kan tebur, ya ce me ya hana ni jin magana. Wasiƙata ce ta farko, an mayar da ita harshensu. Ya karanta min da Turanci wurin da na ce na ba ta wuta. Abin da tafintan ya rubuta shi ne: na hango tsohuwar, sai na taka totur na ƙara gudu, kamar yadda mahaifina ya koya min.

Ya ɗauka motar na ba wa wuta. Kin ga mota "ta" ce, matar ma "ta" ce. Kuma ban ce bai iya Hausa ba, don haka ake faɗa, direba ya ba mota wuta. Amma wallahi tallahi ban taɓa totur ba, fitila na yi mata. Yanzu mai gabatar da ƙara yana kallona a matsayin wanda ya ga tsohuwa ya auka mata da gangan, har da sunan Baba a ciki, mutumin da ya gama aikinsa bai taɓa take ko kaza ba. Lauya ya ce in aka tafi a haka, shekarun da za a yanka min sai dai in ji labarin Umma.

Na so in yi masa bayani, ya ɗaga min hannu ya ce ya gaji da bayanina, in yi shiru ya yi aikinsa. Da ma a ce akwai wanda zai fahimtar da mutanen nan Hausar direbobi. Ba na barci. In na rufe ido hannun nan nata nake gani a sama.

Hadi

Dengfeng
Maris, cikin azumi

Ƙanena,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ya ibada, in kana samun yi? Ni lafiya, Umma ma da sauƙi, likita ya hana ta azumi tana ta mita. Allah ya ba 'yar Halina haƙuri. Na yi kuka da na karanta, ban ɓoye maka ba. Da na gama kukan kuma raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yin irinsa ba.

Wato wani can da ya koyi Hausa a littafi shi zai ɗaure min ƙane, ya kuma ɓata sunan ubana a kabarinsa? Ka ce da ma akwai mai fahimtar da su. To akwai, ni ce.

Na ɗauki takardarka na tafi gidan abincin Malam Tankari lokacin buɗe-baki, wuri cike da 'yan kasuwa. Na ce a saurare ni, na karanta musu layin, na ce kowa ya faɗi abin da ya ji. Malam ya ce su a Maraɗi in an ce an ba ta wuta gudu ake nufi, ba wani abu ba. Saura kaɗan in kifar masa da kunun. Sai Alhaji Jika, mai sayen kayan gyaran mota, wanda ya yi shekaru yana jan tanka kafin ya shiga kasuwa, ya ajiye cokali ya ce, "Malam, kai tuwo ka sani. A tasha in yaron mota ya ce oga ba shi wuta, mutum ya gani a gaba, fitila yake nufi. Ina zuwa, kada ka shigo, shi ke nan." Nan take wasu mutum uku da suka taɓa yin tuƙi suka ce haka yake. Aka yi ta musu har shayi ya huce, daga ƙarshe Malam ya ce ya sallama.

Ramlatu, wata ɗaliba 'yar Kano da ke karatu a wata jami'a a nan, ita ta rubuta mana da Turanci mai kyau. Mun ce Hadi ya hango matar tun daga nesa, ya yi mata fitila don ya gargaɗe ta kamar yadda kowane direban kirki yake yi a ƙasarmu, ita ce ba ta tsaya ba. Alhaji Jika da sauran duk sun sa hannu, har da lambar fasfo. Malam Tankari ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, da kin fara jin ta bakin lauyan." Na ce lauyan da ko sauraron yaron ba ya yi? Ni ban ma da adireshinsa.

Ga takardar nan na haɗo ta cikin wannan ambulan. Da gangan na yi haka. Tunda sun iya buɗe wasiƙun mutane, to su buɗe su karanta da idonsu, ba sai sun nemo tafinta ba. Ka kwantar da hankalinka, Auta. In sha Allahu da kai za a yanka ragon nan.

Yayarka,
Saudat

Poland
Maris

Yaya Saudat,

Assalamu alaikum. Ban ga amsar takardata ta Fabrairu ba tukuna, amma ba zan iya jira ba. Ina lafiya, ina azumi, mai gadi yana barin in ajiye abincin rana zuwa magariba. Ina fatan gwiwa ta bar ki kina tarawi.

Akwai labari mai ɗan daɗi. Ashe kamfani ya sa wata na'ura a motar mai rubuta gudunta. An duba, ta nuna ban ƙara gudu ba ko kaɗan. Lauya har murmushi ya yi. Ya ce tunda fassarar ta yi ƙarya a wannan wurin, zai sa kotu ta yi watsi da ita gaba ɗayanta. In ta faɗi, babu sauran abin da ke nuna na ga matar. Zai ce duhu ne, ga ruwa, ga baƙar riga, ban gan ta ba sai da ta shigo. Ya ce da haka je-ka-gyara-halinka ya dawo, ina iya kasancewa a Kano kafin Babbar Sallah.

Ɗaya labarin kuma shi ya hana ni jin daɗin wannan. An kawo wani dattijo ɗakinmu, tsohon direban tirela, yana ɗan jin Turanci. Muna hira na tambaye shi, ban ce ni ba ne, na ce me ya sa mutanensu in an yi musu fitila ba sa tsayawa. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce a ƙasar nan in mota ta haska mai tafiya a ƙasa a bakin zanen nan, cewa take yi: na gan ka, wuce, na ba ka hanya. Shi kuma sai ya ɗaga hannu ya yi godiya.

Yaya, godiya take yi min. Ni na ce mata kada ki shigo, ita ta ji bismillah. Da hannuna na kira ta cikin titi. Shekara biyu ina tuƙi a ƙasar nan, na ci jarrabawarsu, na haddace allunansu, babu wanda ya taɓa gaya min wannan, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kuma a dokarsu tun da ta tsaya a bakin zanen hanya tata ce, birki ya kamata in taka, ba fitila ba.

Na gaya wa lauya. Ya rufe ƙofa da kyau ya ce in ina son ganin mahaifiyata kada kalmar fitila ta sake fita daga bakina, don wanda ya sami lokacin kai hannu ga fitila ya sami lokacin kai ƙafa ga birki. Wannan takardar ma ba ta hanyar da aka saba za ta fita ba, shi na roƙa ya saka min ita a gidan waya.

Don girman Allah ki bar maganar wutar nan. Kada ki gyara wa kowa fassara, kada ki gaya wa kowa. Ban san ko shirun da zan yi halal ne ba, amma ina so in ga Umma.

Hadi

Dengfeng
Afrilu

Hadi,

Sallama. Ban san wace lafiya zan ce maka ina da ita ba. Umma tana nan.

Takardarka ta same ni bayan tawa ta daɗe da tafiya. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, ban ko cire takalmi ba na juya na nufi gidan waya. Na nuna wa yarinyar da ke aiki a wurin rasit, na ce a dawo min da takardar, Ramlatu tana fassara mata ta waya. Ta duba kwamfuta ta girgiza kai ta ce meyo. Babu. Kalmar da nake ji sau goma a rana a kasuwa in kaya sun ƙare, ban taɓa sanin tana da nauyi haka ba. Ta ce ta riga ta sauka a can.

 Kai ka yi fata ne kawai, ni na ɗauke shi aike. Malam Tankari ya ce in tambaya, na ƙi. Ko akwai yadda lauyan zai yi ya tare ta? Ka ce masa ƙarya muka yi, ka ce masa yayarka mahaukaciya ce, duk abin da zai yi amfani ka faɗa, na yarda.

Saudat

Poland
Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardunki biyu tare aka ba ni su, bayan an gama komai. Ina lafiya. An canza min wuri, sabon adireshin yana bayan ambulan.

An yi shari'a. Mai shari'ar mace ce, ba ta ɗaga murya. Takardarku tana gabanta, na hango sa hannun su Alhaji Jika daga inda nake. Mai gabatar da ƙara ya karanta ta a hankali, da ya zo wurin "ya hango ta tun daga nesa" sai ya maimaita. Lauya ya tashi ya ce wannan maganar mutanen da ba sa wurin ce, 'yan kasuwa ne a wata ƙasa. Mai shari'a ta ce haka ne, don haka za ta tambayi wanda yake wurin. Ta dube ni ta ce, abin da yayarka ta rubuto gaskiya ne?

Lauya yana taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. 'Yar Halina tana zaune a layin gaba, sa'arki ce, da jakar cefanen nan a kan cinyarta, ban san me ya sa ta zo da ita ba. Tun farkon zaman abu ɗaya take faɗa, cewa mahaifiyarta ba ta taɓa tsallaka titi ba tare da an ba ta hanya ba, kuma ba za ta yarda a ce tsohuwa ce ta yi ganganci ba. Na buɗe baki da niyyar in ce ban gan ta ba, sai na ji na ce gaskiya ne. Na ce na yi mata fitila, a garinmu ma'anarsa tsaya, ban san a nan ma'anarsa wuce ba ce. Na ce ta ɗaga min hannu. Da aka fassara wannan 'yar ta kifa kanta a kan jakar.

Shekara huɗu, kuma an hana ni tuƙi. Lauya ya tattara takardunsa ya fita.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi fushi da ke. Na yi kwanaki ina cewa da Yaya ta iya zama wuri ɗaya sau ɗaya a rayuwarta da yanzu ina haɗa kaya. Har yanzu wani lokacin yana taso min. Amma ba ke kika taka motar ba, kuma ba ke kika amsa wa mai shari'a ba. Ki daina cewa ke mahaukaciya ce.

Ki gaya wa Umma gaskiya, maganar sabis ba za ta kai shekara huɗu ba. Ki ce ta yafe min alkawarin. Ragon a yanka, a ba maƙwabta.

Ƙanenki,
Hadi

Dengfeng
Yuni, bayan Sallah

Auta,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, in akwai barka a inda kake. Gwiwa ta dawo, ban ma nemi man zafin ba. Zafi ya sauko, ruwa kullum.

Na gaya wa Umma ana jibi Sallah. Na yi mata bayani tun daga farko, har da takardar da na aika, ban rage nawa ba.  Sai ta ce, "Matar tana da 'ya'ya?" Na ce mace ɗaya. Ta ce Allah ya ba ta haƙuri. Ta tambayi shekara nawa, na faɗa. Ta ce, "To ai shi ke nan, in ya dawo na shafa fuskarsa da hannu." Idon daman ma ya tafi, Hadi. Tun watan jiya ya tafi, ta hana a gaya min don kada in gaya maka ka fasa zuwa. Ta ce ta yafe. An yanka ragon, ita ba ta ci ba.

Ban koma gidan abincin Malam Tankari ba, ba na iya haɗa ido da shi. Ya aiko min da naman Sallah, Alhaji Jika kuma in ya hango ni sai ya canza hanya. Na tambaya ko za a ba ni biza in zo in gan ka, an ce daga nan da wuya, sai na koma gida na nema. Zan gwada, amma kada ka sa rai.

Jiya na fito daga Liuhua Lu da kwalaye biyu, na tsaya a bakin farin zanen da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda babu danja. Wata farar mota ta taho, ta rage gudu, ta ba ni wuta. Shekara tara ina tsallaka titin nan, amma na kasa ɗaga ƙafa. Ban san ko direban cewa yake wuce ba, ko cewa yake ina zuwa. Ya sake haskawa, ya yi hon, mutane suna ta ratsa ni ta hagu da dama. Daga baya ya gaji ya zagaye ya tafi. Na ajiye kwalayen na zauna a kai, a nan bakin titi, har wani ɗan sanda ya zo yana tambayata ko ba ni da lafiya. Ban san yadda ake faɗar abin da ke damuna da harshensu ba, sai na ce masa meyo.

Ka rubuto ko da layi biyu ne. Duk abin da ka rubuta zan karanta shi yadda yake, ba zan ƙara masa komai ba.

Yayarka,
Saudat